Kwamfutar da Ba Mu Ɗauka Ba

Duk matar da ta aurar da 'ya a Zongo cikin 'yan shekarun nan ta san jikata Nuriyya. Ita ce mai kyamarar da ake bari ta zauna ranar lalle, bayan an kori maza har da mai kawo kujeru, an sakaya ƙofa, mata sun zubar da gyale da ɗankwali sun shiga fili. Kafin ita namiji ke ɗaukar hoto, kuma da ya shigo sai ka ga kowa ta ƙudundune kamar mai zazzaɓi, rawar ma ta kafaɗa ce kawai. Da Nuriyya ta koyo aikin a unguwar Amoutivé, sai ta zo da nata tsarin. Kowane biki fim biyu take haɗawa. Ɗaya na kowa da kowa, sunan ango da amarya na juyawa da ruwan zinariya, furanni na zuba. Ɗayan na mata ne zalla, kuma wannan da ƙafarta take kai shi, ta damƙa a hannun uwar amarya. Ba ya bi ta waya, ba ya bi ta hannun ɗan aike. Shekara biyar ba a taɓa jin ko silin gashin wata ya fita waje ba. Da wannan yardar take ci, da ita take ciyar da ni.

To sai tsohuwar kwamfutarta ta fara gazawa. Ta sayi sabuwar kyamara mai fitar da hoto tar, har zaren leshi kana ƙirgawa, amma hoton ya yi wa injin nauyi. In ta ɗora rubutun zinariyar nan a kai, sai amarya ta riƙa tafiya tana tsayawa kamar mai ciwon ƙugu. Ta sa aiki ya fita da hantsi, har la'asar bai gama ba, fankar ciki na kuka, daga ƙarshe ta yi zafi ta mutu. Na taɓa ganin yarinyar nan ta jera ledojin ƙanƙara a bayanta tana yi mata fifita.

Na ce, "Ni da na haifi ubanki ba ki taɓa yi mini fifita haka ba."

Ta ce, "Kaka, ke ai ba kya mutuwa a tsakiyar aiki."

Ranar wata Talata ta ce in raka ta unguwar Adidogomé, wai akwai wani Komlan mai shago a bakin titi da ke haɗa injuna don masu irin aikinta. Ita ta san kaya, ni na san ciniki, shekara talatin na yi ina sayar da atamfa. Muka tafi.

Komlan ɗan ƙabilar Mina ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare a wuya. Ya ba ni kujerarsa, ya aika aka kawo mini ruwa, yana ta "Mama Hajiya, sannu da zua" da Hausarsa ta kasuwa. Na mayar masa da Minanci, ya yi dariya har ya dafa tebur. Injuna biyu ya ajiye mata. Ɗaya baƙa ce, gefenta gilashi, cikinta fitilu ja da kore suna zagayawa. Ɗayar kuwa toka-toka, ba ado, kamar akwatin awo.

Na nuna mai fitilu na ce, "Ga ta nan, a naɗe mana."

Nuriyya ta ce, "Kaka, ba ɗakin amarya muka zo jere ba."

Suka shiga Faransanci, ina tsintar abin da na tsinta. Daga baya ta fassara mini da yaren da zan gane. Wai a cikin kowace akwai mai tunani, akwai mai zane wanda suke ce wa kat girafik, akwai kuma ram, shi ne faɗin teburin da ake baza aiki a kai. Mai fitilun nan mai zanenta ƙato ne, don 'yan wasan gem aka yi ta, amma teburinta ƙarami, rabin na ɗayar. Mai tokar kuwa mai tunaninta ya fi ƙarfi, teburinta faffaɗa, fankokinta manya ba sa kuka. Komlan na cewa rubutunta mai juyawa mai zane yake so. Ita tana cewa in ta jera hoton kyamara uku a lokaci ɗaya, tebur take so. Suka yi ta jayayya kan allo ma, don ta ce in allo ya yi ƙarya, jan anko zai fito ruwan goro, uwar amarya ta zo ta ci mutuncinta.

Can Komlan ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, a bar baki. Kawo aikinki mafi nauyi, kowace ta ɗauka mu gani."

Haka masu aikin suke yi, kuma gaskiyarsu. Ni ma ban taɓa sayen atamfa ban jiƙa bakinta da yawu na murza ba. Nuriyya ta ciro diskinta daga jaka. Aiki mafi nauyi da ke ciki shi ne lallen ƙanwar wata 'yar unguwarmu, Batul, na makon da ya wuce, kyamara uku, mata kusan saba'in, ita Batul ɗin a tsakiya. Komlan ya ce in aka bar shi a diskinta, igiya za ta rage gudu, gwajin ba zai faɗi gaskiya ba, sai an kwafe shi cikin kowace inji. Sai ta juya allon ya kalli bango, ta ce masa ya koma bakin ƙofa. Ya koma ba musu. Ta kwafa a duka biyun, ta saki aikin a tare, ni ina riƙe da agogo.

Mai fitilu ta fara da gudu, sai can ta hau tari, hoton na yankewa. Mai toka ta bi a hankali ta wuce ta, ta gama kafin in kai ƙarshen carbina na uku. Nuriyya ta yi tsalle ta rungume ni. Daga nan aka shiga nawa fagen. Na ja Komlan, ya ja ni, har ya ce da Minanci ya ga alama gidansa ma zan saya. Muna cikin haka aka kira azahar, mai taksi na ta hon a waje, ana ɗaure kwali. Na ji da kunnena Komlan ya nuna mai fitilu ya ce, "Madam, na cikin nan fa? In goge?"

Ba ta so ya buɗe ya gani, sai ta ce, "Kar ka taɓa, bar shi." Nufinta ita za ta goge da hannunta. Sai mai taksi ya ɗauki kwalin a kaikaice, ta yi kansa tana ihu, muka shiga mota. Shi kuwa Komlan abin da ya ji ke nan: bar shi.

Kwana goma muka yi cikin daɗi. Aikin da ke cin yini ya koma na shan shayi. Ba wanda ya tuna da mai fitilu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna tsakar gida ina tsince shinkafa, aka banko ƙofa har sakata ta tsinke. Abdulƙahhar ne, mijin Batul, mai sayar da rodin gini a Agoè-Assiyéyé. Ko sallama babu. Farar rigarsa ta Juma'a da ɗigon jini a hannu, kuma ba nasa ba ne. A ɗaya hannun yana riƙe da guntun rodi kamar tsawon kamu biyu. Bayansa ƙannensa biyu, sai wani Faruk mai zemijan, wato babur ɗin haya, yana rarraba ido.

Ya ce, "Ina 'yar iskar mai kyamara?"

Na miƙe na ce, "Abdulƙahhar, gidan sa'ar uwarka ka shigo."

"Hajiya, matsa. Matata tana rawa ba ɗankwali a bakin titin Adidogomé, ƙirji a waje, 'yan zemijan sun yi layi suna kallo suna tafi. Faruk, faɗa mata!"

Faruk ya ce shi dai ya sauke fasinja ne, ya ga allo ƙato a ƙofar wani shagon kwamfuta, ya tsaya kallo, sai ya ga fuskokin da ya sani. Kuma maimakon ya zo ya rada mana, sai ya kai maganar majalisa a ƙofar masallaci, a gaban mutum ashirin.

Nuriyya ta fito daga ɗaki. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don leɓenta ya yi fari. Abdulƙahhar ya ɗaga rodin ya sauke a kan randarmu, ta tarwatse, ruwa ya malale har ƙafafunmu. Ya shaƙo hijabinta ya jawo ta.

"Nawa ya ba ki?"

"Wallahi ban sayar ba. Ban ba kowa ba. Ni dai..."

A nan ne na sa hannu ta baya na mintsine ta, mintsini mai kyau. Na san abin da za ta ce, na kuma san in ta faɗa, rodin nan a kanta zai sauka, kuma ba matar da za ta sake buɗe mata ƙofa. Ta yi shiru. Faruk, da yake bakinsa ba ya zama, ya cike gurbin.

"To sata ya yi! Haka suke, ka kai musu diski su kwashe na ciki."

Abdulƙahhar ya dube ni. Na ce, "Allah dai Ya sani. Mun je shagonsa kam."

Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da na yi. Ya hankaɗa ta ta faɗa cikin ruwan randa, suka fita. Muka ji tashin babura.

Nuriyya ta zauna a cikin ruwan tana kallona. Ta ce, "Kaka, kashe shi za su yi."

"Za su fasa allo su huce."

"Kin ga hannun rigarsa? Jinin matarsa ke nan, uwar 'ya'yansa. Mai shagon nan ya tambaye ni ko ya goge, kina wurin."

Na ce mata ta tuna shekara biyar, ta tuna sabon injin da ko ledarsa ba a gama cirewa ba, ta tuna ni. Ta kira lambar Komlan sau uku, ba a ɗauka ba. Sai ta miƙe da jiƙaƙƙen zane ta fita. Ni da na rantse ba zan sake hawa zemijan ba tun da gwiwa ta fara ciwo, na tsinci kaina a bayan wani ina cewa ya bi waccan, kar ya kuskura ta ɓace masa.

Tafiyar da nisa, kuma sun riga mu. Tun daga nesa na ji kiɗan. Kiɗan lallen ne, da guɗar mata, yana fita daga lasifikar shagon. Allon kuwa an riga an farfasa shi, ya rataye a igiya ɗaya, baƙi ƙirin. Amma injin na ciki yana ta aikinsa, don haka sautin bai tsaya ba. Har muryata na ji a ciki, ina cewa a ba amarya fili.

Sun jawo Komlan waje kan tsakuwa. Tabaransa a murƙushe, zaren na wuyansa. Ƙannen biyu sun take hannuwansa, ɗaya na ƙwallo da haƙarƙarinsa. Bakinsa ya cika da jini, haƙora biyu a ƙasa kusa da takalminsa. Yana ta cewa da Faransanci, da Minanci, da 'yar Hausarsa, "Me na yi? Alhaji, me na yi?" Abdulƙahhar ya sauke masa rodi a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Ya sake sauke masa a gefen kai, kunnen ya tsage, jini ya wanke wuyan rigarsa. Duk wannan ana guɗa a lasifika.

Maƙwabtan shagon ba su tsaya kallo ba. Kafinta ya fito da katako, mai faci ya ɗauko ƙarfen taya, matan da ke soya doya suna ihu suna tara duwatsu. A ɗaya gefen kuma samarin Zongo ne da suka biyo baya a kan babura, sun fi goma, suna sauka suna naɗe hannun riga. Wani dutse ya wuce ta gefen kunnena ya fasa goshin ƙaramin ƙanen. Na ga abin da zai faru. Ba mutum ɗaya za a ɗauka a wurin nan ba.

Nuriyya ta ratsa tsakiyarsu. Ba da Faransanci ta yi magana ba, da Hausa ta yi, da ƙarfi, tana fuskantar samarinmu, ta san kafin magariba babu gidan da ba zai ji ba.

"Ni ce! Ni na kwafa a injinsa da hannuna don gwaji! Ya tambaye ni ya goge, na ce ya bari, na manta! Bai san na mata ba ne, bai saci komai ba!"

Abdulƙahhar ya riga ya ɗaga rodin da hannu biyu, saitin tsakiyar kan Komlan. Ko bai ji ba ne, ko ya ji hannun ya riga ya tafi, har yau ban sani ba. Ta faɗa kan mutumin ta rufe kansa da hannunta na dama. Rodin ya sauka a bayan hannun.

Ba ta yi ihu nan take ba. Ta ɗaga hannun tana kallo, yatsu uku sun juya inda yatsa ba ya juyawa, wani farin abu ya leƙo ta fata. Sai ni na yi ihun. Na ci kwalar Abdulƙahhar, ni tsohuwa, na ce, "Ga ni, ƙarasa da ni! Ni na mintsine ta ta yi shiru a gida. Na san gaskiya na bar ka ka taho!"

Wurin ya yi tsit, in ban da kiɗan. Mai faci ya sauke ƙarfensa. Abdulƙahhar ya fizge, ya faɗa cikin shagon kamar mahaukaci, ya hau dukan mai fitilu. Ya fasa gilashin, ya lanƙwasa ƙaton mai zanen nan, fankoki suka yi tsalle, sai kiɗan ya ɗauke. Ya tsaya yana haki.

Nuriyya na durƙushe, ta matse hannun a ƙirji, ta ce, "Ka fasa banza. Matarka ba ta cikin waɗannan. Kaka, ɗauko sukundireba a kan tebur."

Na ɗauko. Ta riƙa gaya mini daga ƙofa, murya na yankewa: ɗaga wancan farantin, a'a na ƙasa, kwance ƙaramin dunƙulen, ja a hankali. Abin da ya fito ɗan siririn abu ne baƙi, bai fi ɗan yatsana ba. Mata saba'in da rawarsu duk suna ciki, ko ƙwarzane bai yi ba.

Abdulƙahhar ya miƙo hannu. Na ƙulle shi a bakin zanena na ce, "Ba naka ba ne."

Jandarmomi suka iso, suka tafi da shi da ƙannensa. Mota ɗaya ta kwashi Komlan da Nuriyya zuwa asibiti, kansa a kan cinyata, jininsa da nata sun haɗu a zanena har ban san na wa ne ba. A hanya ya buɗe ido ɗaya ya ce, wai shi ya ga hoton ya yi kyau ne, launin ya fito, ya ce madam ta bar masa don ya nuna wa masu saye ƙarfin injin. A wurinsu mace ta yi rawa a biki ba abin ɓoyewa ba ne. Na ce masa ya yi shiru ya bar jinin ya tsaya, na kuma roƙe shi gafara da Minanci, don da yarensa nake so ya ji.

Bayan kwana huɗu muka je gidan uwar Batul, inda ta koma. Nuriyya da hannu a naɗe har gwiwar hannu. Batul ta fito, leɓenta da ɗinki, ido ɗaya a kumbure. Matan gidan suka tsaya a bakin ƙofofi ba wadda ta amsa sallamarmu da ƙarfi. Na kwance bakin zane na ba ta ɗan siririn abin. Ta juya shi a tafin hannu.

"Shi ke nan? Ɗan wannan?"

"Shi ke nan, Yaya Batul. Na gidana ma na goge."

Ta jawo turmi, ta jefa shi, ta ɗauki taɓarya. Ta daka shi har sai da ya zama gari, tana yi hawaye na zuba, ba wanda ya karɓe ta. Da ta gama ta juye a murhu, ta goge fuska da gefen gyale.

Ta ce, "Da kin yi shiru, da mijina ya yi kisa, 'ya'yana su tashi da wannan. Na gode miki a kan haka. Amma Nuriyya, ba za ki sake ganin kaina a buɗe ba."

Haka kuwa aka yi. Bukukuwa uku da aka riga aka gaya mata, duk aka aiko cewa an fasa hoto. A lallen 'yar wata Kubura an karɓe wayar kowa a bakin ƙofa, ni ma da aka gayyata sai da aka duba jakata. Yatsunta biyu sun warke a sanƙare, ba sa lanƙwasuwa. Mai toka na nan a kan tebur, na rufe ta da tsohon zane saboda ƙura, wata biyu ba a kunna ta ba.

Wata safiya aka yi sallama da wata irin Hausa da na sani. Komlan ne, da sabon tabarau, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka, sai ya juyo da kunnen hagu in ana magana don na daman ya daina ji. Na ba shi kujerata. Ya ce ya sayi wani allo, amma tun da ya kafa shi a kashe yake, yana tsoron duk abin da zai sa. Yana son madam ta haɗa masa hoto mai nauyi, mai launi, da sunan shagonsa yana juyawa da ruwan zinariyar nan.

"Amma Mama Hajiya," ya ɗaga yatsa, "ba mutum a ciki. Ko ɗaya. Ko inuwa."

Nuriyya ta yi dariya, karo na farko tun ranar. Ta ce in buɗe adakata in fito da atamfofin da nake ɓoyo. Muka shanya su a igiya iska na kaɗa su, ta ɗauka da kyamara uku. Da yamma ta yaye zanen da ke kan injin, ta matsar da linzamin kwamfutar zuwa hannun hagu, ta zauna. Layin farko da ta ja ya karkace. Ta goge, ta sake ja.